Zaman Da Na Yi A Motar Babanku

Na san abin da ake faɗa a kaina cikin dangi, don ba yau aka fara ba, kunnena kuma bai mutu ba tukuna. Ana cewa shekarar da muka rasa yayanku kaina ya ɗan taɓu, har aka riƙa iske ni cikin matacciyar motar babanku ina surutu ni kaɗai. Masu kara a cikinsu sukan ce “lalurar nan da Hajiya ta yi,” su sassauta murya kamar suna yi mini alfarma. Hauwa ce kaɗai a cikinku ta ga abin daga farko har ƙarshe. Sauranku kuna Legas da Kano, a bakin mutane kuka ji, kowa kuma ya ƙara nasa gishirin. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku da hannuna tun idona yana gani. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare a Unguwar Mu'azu, ban taɓa yarda yaro ya koma gida da amsar da ba daidai ba. Nawa 'ya'yan ma ba zan bar su da ita ba.

Dole in fara da abin da ku 'yan yanzu kuke yi wa dariya. A garinmu, can gefen Funtuwa, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗaga shi ba. Haka na ga uwata tana yi da babban wanmu, haka ita ma ta gani a gidansu. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma a wurinmu ita ce adon mace. Da ita na zo Kaduna, na yi boko, na sa tabarau, na kai har shugabar makaranta, ban yar da ita ba. Yayanku ya tashi a gabana a gidan nan na Barnawa, ya yi gemu, ya yi aure, ya haihu, bakina bai taɓa furta sunansa ba. In ina nemansa sai in ce wa ɗayanku ya kira mini yayansa. In zancensa ya taso sai in ce “yaron nan.” Shi kuwa, da yake tsokana a jininsa take, yakan zo ya tsuguna a gabana ya langaɓe kai.

“Hajiya, wai don Allah ya sunana? Na manta, ga shi ana tambayata a ofis.”

“Tashi ka ba ni wuri, marar ta ido.”

Sai ya fita yana dariya. Shi ya gane, don a cikin al'adar ya tashi.

Matarsa Rashida ce ba ta gane ba, kuma ban ga laifinta ba. 'Yar Ilori ce, a wajen bautar ƙasa ya samo ta, yarinya mai natsuwa da riƙon salla. A gidansu uwa rungume ɗanta take yi, ta yi masa kirari tana rawa, ko da gemunsa. Na gani da idona lokacin bikinsu, har na rasa inda zan sa fuskata. Ta zo gidanmu ta ga uwar miji da ba ta haɗa ido da ɗanta, ta yi shiru ta haɗiye. A ɓangaren baya suke zaune da 'yan matansu biyu. Kullum da safe takan kawo su su gaishe ni, ita ta durƙusa har ƙasa irin nasu. Yaran nan kuwa ni na san irin ta'adin da suke yi mini a ɗaki, don tsakanin kaka da jika babu wata kunya, sai wasa da cin zali.

Ranar da abin ya faru ya shigo da safe zai tafi Kachiya duba wata rijiyar burtsatse da suke haƙawa, don aikinsa ke nan. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake. Ya tsaya a kaina ya ce zai wuce. Na ce Allah ya tsare, ban ɗaga kai daga faifan ba, kamar kullum. Kafin azahar aka bugo wa babanku waya. Wata tankar mai ce ta ƙwace wa direbanta bayan Sabon Tasha. An ce bai sha wahala ba. Na karɓi wannan a yadda aka ba ni, har yau ban bincika ba.

Gida ya cika. Rashida ta faɗi tana birgima tana kiran sunansa, mata suka danne ta suna cewa ta yi shiru, kukan nan ƙona shi yake yi a kabari. Ni ina kan tabarma da carbi, idona a bushe ƙamas. Ba dauriya nake yi ba, hawayen ne bai zo ba. Ji nake kamar wata ake yi wa ta'aziyya ni ina amsawa a madadinta. Gwaggonku Asabe, yayar babanku, ta taso daga Tudun Wada da jakarta don ta zauna da mu, kuma zan faɗi gaskiya, ita ta riƙe gidan a kwanakin nan, daga girki har sallamar baƙi. Ita ce kuma ta nuna ni da hannu, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ke yarinya, dubi wadda ta haife shi. Ko ɗigo kin gani? Haka 'yan asali ke yi.”

Mata suka gyaɗa kai suna sa mini albarka. Rashida ta ɗago ta dube ni. A take ta daina kuka, amma ba don nasihar ta shige ta ba. Na koyar da yara da yawa, na san idon wanda ya gama yanke hukunci a kanka.

Bayan an tashi daga zaman makoki sai jikina ya fara nasa. Barci ya ƙaurace mini. In tanka ta danna hon a babban titi, hannuwana su kama rawa har in kasa riƙe kofi. Wake kuwa ko ganinsa ba na so, na hana a dafa shi a gidan. Ƙirjina kamar an ɗora masa turmi. Likita ya ce jinina ya hau, ya ba ni ƙwayoyi, jinin ya sauka, nauyin ƙirjin yana nan. Ina salla, ina addu'a, ban taɓa cewa don me Allah ya yi haka ba. A ɓangaren baya kuma Rashida tana takaba. Ta daina turo yaran. In mun haɗu ta gaishe ni daga nesa, gaisuwa cikakkiya wadda babu komai a cikinta. Wata rana da hantsi Hauwa ta same ni a ɗaki ta tura ƙofa.

“Hajiya, Anti Rashida ta gama magana da wanta. Ranar da ta fita takaba zai zo da mota ya kwashe su, ita da yaran. Kuma ba hutu za su je ba.”

“Wani ya yi mata wani abu ne?”

“Cewa ta yi ba za ta bar 'ya'yanta su tashi a gidan da ubansu ya mutu uwarsa ko girgiza ba ta yi ba. Ta ce tun yana raye take gani, yanzu ta tabbatar.”

Na kai maganar wurin babanku. Ya ce reno haƙƙin uwa ne, shi kuma ba zai tsaya gaban alƙali da matar ɗansa ba. Gaskiya ya faɗa. Na koma ɗaki na zauna. Ɗa ya tafi, yanzu abin da ya bari ma zai kama hanyar Ilori, kuma da sunan cewa ban so shi ba. Wannan ya fi mini komai ciwo.

Hauwa ce ta kawo zancen a nema mini wanda zan yi magana da shi. Na ce ta rufa mini asiri. Kun san abin da mutanen Kaduna ke nufi in sun ce an kai wane Barnawa, mu da muke zaune kusa da asibitin masu taɓin hankalin mun fi kowa sani. Masu keke napep ɗin da ke tsayawa a bakin ƙofarsa kuwa da yawansu ɗalibaina ne. Kafin in sa ƙafa ciki labari ya isa Makera.

“Ba asibiti za ki ba, Hajiya. Ta waya ne. Akwai waɗanda aikinsu ke nan, sun yi karatunsa, suna sauraron wanda aka yi wa rashi ko ya ga tashin hankali. Kina ganinta, tana ganinki, ba wanda ya san kin je ko kin dawo.”

“To me za ta gaya mini wanda malamai ba su gaya mini ba?”

“Ba gaya miki za ta yi ba. Ke za ki gaya mata.”

Na yarda ne kawai don Hauwa ta ƙyale ni in sha iska. Sai matsalar wuri ta taso. Gwaggonku ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakina ba ranar tafiya, falo na baƙi ne, bangon gidan nan kuwa ko tari ka yi sai maƙwabci ya ce maka sannu. Hauwa ta zaga gida tana ɗaga waya sama tana neman netwok, ta same shi ya fi ƙarfi a gindin mangwaro, inda motar babanku take fake tun lokacin da masaƙa ta rufe aka sallame su. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Nan ta share mini kujerar gaba, ta jingina wayar a jikin gilashi, ta sa mini ɗan abin sauraro a kunne ƙarƙashin hijabi, ta nuna mini inda zan danna in na gaji, ta tafi.

Fuskar da ta fito ta wata yarinya ce sa'ar Hauwa, da gajeren gashi ba ɗankwali. Ta ce sunanta Rifkatu, mutuniyar Zonkwa ce amma a Jos take aiki. Kasancewarta Kirista bai dame ni ba, da su na yi aiki duk rayuwata, wasunsu sun fi mini 'yan'uwa. Ƙuruciyarta ce ta dame ni. Ta gaishe ni da Hausa mai kyau, ta yi mini ta'aziyya, ta ce duk abin da na faɗa mata a nan zai tsaya. Sannan ta gyara zama.

“Mama, mu fara da shi. Ya sunansa?”

Na ƙare wa yarinyar nan kallo. Na danna jan wurin da Hauwa ta nuna mini, na fito daga mota na kaɗe zanena. Na ce wa Hauwa ta gaya wa ƙawar tata a koma a koya mata magana da manya kafin a ba ta waya.

Bayan 'yan kwanaki Hauwa ta kawo mini saƙon murya daga Rifkatu. Ta ce an gaya mata ɗan fari ne, kuma ta san al'adar, da Hausawa ta tashi, amma ta bi yadda ta saba fara aiki ta manta da wadda ke gabanta. Ta roƙi gafara ba kwana-kwana. Ni kuwa ina ganin girman mutumin da ya iya buɗe baki ya ce ya yi kuskure. Na koma motar.

“Mama, ba zan sake tambayar sunan ba. Amma ina so in san shi. In kina son ki ba shi wani abu, yaya kike yi?”

Na buɗe baki in ce ba na ba shi komai, sai na ji ƙarya zan yi. Na ce mata in na yi miya, tsokar da ta fi kyau nakan tura ta ƙasan kwanonsa in rufe, in ba ƙanwarsa ta kai. Ta ce sai me kuma. Na ce lokacin da yake jami'a a Zariya ni ke yin dambun naman da ake kai masa, in ce a gaya masa babansa ne ya saya. Na ce kullum in ya gaishe ni ya fita, da na ji ya ta da mota nakan tashi in tsaya bayan labulen taga har ya sha kwana. Ta ce ranar fa? Na ce ranar ma na tashi, faifan wake a hannuna, na ga bayan motar har ta ɓace. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, don ba wanda ya taɓa tambaya. Ta yi shiru. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi kuka ba. Tun ranar rasuwar, duk wanda ya ga shiru sai ya cika shi da nasiha, wannan yarinya kuwa ta bar shi a wurinsa. A nan kukan ya zo, irin wanda ban san ina da shi ba, har kajin baya suka watse.

Haka muka ci gaba, duk Talata da rana tsaka. Wani lokaci netwok ya ɗauke, fuskarta ta daskare da baki a buɗe, in zauna ina jiran ta narke. Ta koya mini yadda zan yi in hon ya razana ni: in taka ƙasa da ƙafata, in ja numfashi a hankali, in riƙa ambaton abubuwan da idona ke gani a wurin har rawar hannun ta lafa. Na ce mata wannan ai wasan 'yan aji ɗaya ne. Ta ce to in ɗauke shi aikin gida, tunda ni ma na ba wasu. Na yi, kuma ya yi aiki, ba zan ɓoye ba. Ba ta taɓa shiga tsakanina da addinina ba. Ita ce ma takan tambaye ni wace addu'a ke sanyaya mini rai, ta ce in riƙe ta, in kuma riƙe maganin likita. Wata Talatar na gaya mata safiyar nan tana yawan dawo mini, shi a tsaye a kaina, ni kaina a kan faifai. Ta tambaye ni ko a ganina ya fita yana shakkar uwarsa. Na tuna tsugunon nan nasa da langaɓe kai, na ce a'a, wannan ɗan ja'irar ya fi kowa sani. Daga ranar barci ya fara dawowa kaɗan-kaɗan.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda abin yake ga mai kallo daga waje. Ku kwatanta da kanku: tsohuwa cikin motar da ba ta tashi, gilashi a rufe, tana magana tana kaɗa hannu, ta yi shiru, ta gyaɗa kai, ta fashe da kuka, wani lokaci ta yi dariya. Abin kunnen yana ƙarƙashin hijabi, wayar kuma ba a hango ta daga tsakar gida. Gwaggonku ta gani daga bayan igiyar shanya. Ta sa ido sai da ta tabbatar wa kanta, sannan ta aika Unguwar Sanusi aka kira mai ruƙiyya. Na fito daga mota na iske su a falo, ita da babanku da malamin da robar ruwansa.

“Zauna, Rabi,” in ji ta. “Ba abin kunya ba ne. Gindin mangwaro da rana tsaka, ai ko yaro ya san ba mu kaɗai ke gidan nan ba.”

Na zauna. Na ɗaga gefen hijabi na zaro abin kunnen na ajiye a kan tebur, na ajiye wayar kusa da shi, na yi musu bayani dalla-dalla kamar ina gaban allo. Malamin, Allah ya saka masa da alheri, ya ce alhamdu lillahi, neman magani ba laifi ba ne, ya yi mana addu'a ya ɗauki robarsa. Gwaggonku kuwa da aljanun ne da abin ya zo mata da sauƙi.

“Wato sirrin gidan nan kike kwashewa kina ba bare? Yarinyar da ko salla ba ta yi? Ke da muke nuna wa 'ya'yanmu? Wallahi kin ba ni kunya.”

Babanku ya bari sai da ta sauke. Kun san shi da tsadar magana. Ya dube ni.

“Malama, abin nan yana sa ki barci?”

“Yana sawa.”

“To a bar ta, Yaya.”

Washegari na tarar ya sa an wanke motar ciki da waje, an mai da kajin bayan gida. Har yau bai taɓa yi mini zancen ba.

Takaba kuwa tana ta ƙarewa. Ta taga ina hango Rashida tana ɗaure kaya a kwalaye. Na ce wa Rifkatu tunda Allah ya yi mata baki, ta kira yarinyar nan ta yi mata bayanin al'adarmu, ta kuma gaya mata abin da ta ji daga gare ni. Ta ƙi.

“Mama, na yi miki alkawarin abin da kika faɗa a nan zai tsaya. Ko kin sake ni ma, ba na jin bakina take jira. Hauwa ba ta yi mata bayani ba?”

“Ta yi. Har ta gaya mata ina kuka a mota. Ta ce ciwo ne ya sa ni, ba rashin yaron nan ba.”

“To me kike so ta sani kafin ta tafi?”

“Cewa yaron nan nawa ne.”

“Ta yaya za ta sani?”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ina so ku riƙe wannan da kyau, don a nan ne ake yi wa 'yar mutane ƙazafi. Ana cewa wai ita ta zuga ni na yar da al'adata. Ba ta taɓa cewa in kira sunan kowa ba. Ni na zauna na auna da hankalina, wanda ake cewa ya taɓu. Kunyar nan na riƙe ta yadda ba wanda zai ce na gaza, kuma ba na nadamarta. Shi ya gane ta, ya tafi yana sane. Amma ga wadda ba ta gane ba, tana shirin ɗaukar 'ya'yansa ta raine su a kan cewa kakarsu ba ta so ubansu ba. Na ga sunan mai kunya bai kai in bar wannan ya faru ba. Na san abin da zai biyo baya, kuma ya biyo. Gwaggonku ba ta sake kwana a gidan nan ba, muna gaisawa a biki da suna, shi ke nan. A Islamiyyar mata an daina turo mini amare in yi musu faɗa. In na je garinmu akwai tsofaffin da ke kau da kai in na shigo. Abin da na tara tun ina amarya ne, kuma ya yi mini zafi da ya tafi, ba zan ce bai yi ba. Amma ko yau aka mai da ni wurin, haka zan sake yi, kaina a ɗage.

Ranar da ta fita takaba, da hantsi, wanta ya bugo ya ce a Kakuri ya kwana wurin abokinsa, yana tafe da motar kaya. Hauwa ta ja yaran zuwa maƙwabta su yi sallama. Na yafa mayafi na ratsa tsakar gida. Gwaggonku tana bakin kicin tana yanka kuɓewa, ta bi ni da ido. Tun da aka kawo Rashida ban taɓa taka ɓangarensu ba, don ɗakin ɗan fari ne. Na yi sallama na shiga. Ɗaki duk kwalaye, hotonsa kaɗai ya rage a bango. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. Babu kujera, na zauna a kan wata jakar tufafi.

“Ba hana ki tafiya na zo yi ba. Haƙƙinki ne. Amma akwai abin da nake so ki tafi da shi.”

Na gaya mata zancen tsoka a ƙasan kwano, da dambun da ake kai masa Zariya, da labulen taga. Tana ji, ba ta ɗago ba. Da na gama ta yi magana a hankali, cikin Hausarta da ba ta gama nuna ba.

“Mama, na ji. Amma ni na kira shi har muryata ta tafi. Ke ko sau ɗaya. Tun da na zo gidan nan, ko sau ɗaya.”

Ƙofa a buɗe take, na san Gwaggonku tana ji. Ban tashi na rufe ba. Ji nake kamar za a tuɓe ni a kasuwa. Na dubi hoton, wanda shi ma ban taɓa tsayawa na kalla ba.

“Haruna,” na ce. “Sunansa Haruna. Ni na haife shi ina yarinya ƙarama, ranar wata Juma'a ana ruwa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so shi ba.”

Sauranku ku yi haƙuri, haka na faɗa, ranarsa ce. A waje na ji wuƙa ta faɗa cikin kwano. Rashida ta ɗago.

“Ki sake faɗa, Mama.”

Na sake. Ta rarrafo ta kifa kanta a cinyata, muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun ranar farko. Muna cikin haka muka ji hon a bakin get. Hannuna ya fara rawa, na taka ƙasa na ja numfashi har ya tsaya. Ta tashi ta goge fuska ta fita. Ina jin Yarbanci yana tashi yana sauka, muryar wanta a sama, tata a ƙasa, ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Ina zaune a kan jakar, ban sani ba ko yanzu za a shigo a ce in ɗaga a ɗauke ta. Can na ji mota ta tashi. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ita kaɗai.

“Mama, ki ɗan tashi. Yunifom ɗin yara na cikin jakar nan, gobe akwai makaranta.”

Na miƙe na ba ta wuri. Ta ce wanta ya tafi mai da motar kayan, yana fushi, amma zai dawo ya ci abinci kafin ya kama hanya. Ta tambaye ni me za a dafa.

“Ki dafa abin da Haruna ya fi so.”

“Faten tsaki ne da yakuwa. Kullum sai ya ce nawa bai kai naki ba.”

“To taho mu je kicin in nuna miki.”